Toka da Tsohuwar Sheƙar Hankaka

"Ga ta nan, ga ta nanku, daga bayan duwatsu take tafe."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Iya!" in ji yara.

Iya Dudu, kakarmu, ta tura itace cikin murhu, ta waiwayo inda nake zaune kan kifaffen turmi. Ta ce, "Angon nawa, matso mana. Zaman Kurmi ba ya hana kunne jin tatsuniya."

Na ce ina ji daga nan.

"To ji daga nan ɗin. Ai jakarka ma daga bakin ƙofa take ji, tun da ka dawo ba ta shiga ɗaki ba."

Lantana da Ɗanliti, 'ya'yan yayana, suka ƙyalƙyale da dariya. Iya ta gyara zama ta fara.

A can nesa, inda ƙasa take ja, ruwan sama ba ya zuwa sai ya ga dama, akwai wani kogi da ya ƙafe. Yashi ne kwance fari fat, ruwan kuwa yana barci a ƙarƙashinsa. In ka kara kunne da sassafe, sai ka ji yana mafarkin gudu. A bakin kogin akwai dogayen itatuwan maɗaci, a can ƙololuwarsu wata macen shaho take zaune, sunanta Toka.

An ce wata rana Wata ya ji sanyi ya hura wuta. Da asuba ya share murhunsa, tokar ta yi ta saukowa a hankali, a hankali, kafin ta taɓa ƙasa sai ta yi fukafukai. 'Yan garwashin da suka rage su ne rawayan da ya kewaye idanunta, da na ƙafafunta. Tokar ba ta da yawa, shi ya sa irin wannan shaho ba su da yawa. Mutum sai ya tsufa bai ga ko ɗaya ba.

"Iya, ke kin taɓa ganinta?" in ji Lantana.

"Na ga reshen da ta tashi daga kansa yana rawa. Ya ishe ni."

To, ita Toka ba ta saƙa sheƙa. Uwarta ba ta saƙa ba, kakarta ba ta saƙa ba. Baba Hankaka ne kowace shekara yake yin sabuwa, ya bar mata tsohuwar. Ita kuma ta cire gashin fiffikenta ɗaya ta ajiye masa a ƙofa, tukuicinsa ke nan. Tana da wata al'ada kuma: kafin ta yi ƙwai a ko'ina, sai ta ɗauko tsakuwa mai girman ƙwai daga yashin kogi, ta ajiye a wurin ta kwana. In gari ya waye tsakuwar tana nan, to wurin ya karɓi amana.

A wannan shekara ƙwai biyu ne a cikinta. Daga kan kogin har wutsiyarsa babu wata irinta mai ciki. In ƙwan nan suka lalace, kogin ya rabu da Toka ke nan.

"Ina mijinta?" in ji Ɗanliti.

"Ya tafi nesa neman kurciyoyi. Maza ai ka san su da nisa." Ba ta ko dube ni ba.

Ana nan, yunwa ta kama Gizo. Ya ce da matarsa, "Ƙoƙi, ƙwan da aka yi da tokar Wata, wanda ya ci shi ya gama da yunwa har abada."

Ƙoƙi ta ce, "To hau ka ɗauko."

"In hau? Kan maɗaci? Hankaka na tsaye a wurin da wannan baki nasa? Ke ba ki son zaman aure."

"To zauna da yunwarka."

"A'a. In ban iya hawa ba, ita ai ta iya saukowa."

Gizo ya sa hularsa, ya je gindin maɗaci ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, 'yar Wata! Ina kwana? Ina nauyin jiki?"

Toka ta leƙo ta ce, "Lafiya, Gizo."

"Wallahi lafiyar ke nan dai. Amma abin da na ji a bakin rijiya ya hana ni barci."

"Me ka ji?"

"Kai, ba zan faɗa ba. To, tunda kin matsa. Wai Kurciya ce take cewa, duk tsoron da ake miki, ko tsinke ɗaya ba ki mallaka ba. Wai a kwancen hankaka aka haife ki, a kwancen hankaka za ki haihu. Tsuntsaye suka yi ta dariya. Ni kuwa kuka na yi."

Toka ta dubi tsohuwar sheƙar, ta ga tsinkayen sun yi baƙi, ga wani tsumma a gefe, ga warin gidan wani. Abin da ba ta taɓa gani ba tsawon rayuwarta, ran nan ta gan shi.

Gizo ya ce, "Ni magini ne, gado na yi. Ki bar ni in yi miki gidan da ba wanda ya taɓa kwana a ciki."

Da yamma Baba Hankaka ya zo ya ce, "'Yata, na kwashe kayana, ɗaki naki ne."

Toka ta kau da kai ta ce, "Riƙe kwancenka, Baba. Bana sabo zan shiga."

Hankaka ya dube ta, ya sake dubanta. Sannan ya tashi.

Gizo ya kwana yana aiki. Gari na wayewa, ga gida na zallan yanar gizo a tsakanin rassa biyu, raɓa ta sauka a kansa, kowane zare yana ɗauke da 'yar ƙaramar rana. Toka ba ta taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Ta ɗauko tsakuwarta ta ɗora. Tsakuwa ta wuce fyuu, ta faɗa yashi tim.

Gizo ya ce, "Af! Laifin tsawo ne, ranki ya daɗe. Mu ɗan sauko ƙasa."

Ya tara audugar rimi, ya yi mata gida a tsakiyar wata tsamiya, fari tas, mai laushi kamar gajimare ya sauko hutawa. Toka ta ɗora tsakuwa. Cikin dare iska ta zo wucewa, ta ga gida ta yi sha'awa, ta ɗauke shi ta tafi da shi luu, har yau bai dawo ba. Tsakuwa ta faɗa yashi tim.

Gizo ya ce, "Af! Laifin iska ne, ranki ya daɗe. Mu ƙara saukowa."

Ƙwai kuwa sun yi nauyi. Toka in ta tashi sama, sai ta ji kamar duwatsu biyu ta haɗiye.

Na ukun, Gizo ya kwaɓa laka, ya gina mata gida kamar tukunya a kan wata gajerar ƙaya, wadda ko ɗan akuya ya miƙe zai leƙa. Ya shafe shi sumul. Toka ta ɗora tsakuwa. Gari ya waye, tsakuwa tana nan. Ta ɗauke ta ta yar a gaban Gizo, ta ce, "Ka iya gini. Yau da magariba zan yi ƙwai a nan."

Gizo ya faɗi yana godiya har hularsa ta tuɓe.

"Wayyo, kar ta yi!" in ji Lantana.

"Yi shiru ki ji."

Ita Toka tana da wani hali. In rana ta take, ba ta farauta, ba ta shawagi, ba ta ko juya wuya. Sai ta sami busasshen reshe ta zauna, ta ɗan saki fukafukai, ta yi tsit har zafi ya wuce. Da haka irinta suke rayuwa a ƙasar da ba ruwa. In ta zauna hakan kuwa, launinta da na reshe da na farin sama sai su zama ɗaya. Kana kallonta, ba ka ganinta.

Ran nan tana zaune a reshen da ke bisa gidan laka, duniya ta yi shiru, yashi yana rawa don zafi, sai ga Gizo da Ƙoƙi ɗauke da ƙwarya. Gizo ya ɗaga kai ya duba gabas, ya duba yamma, ya dubi Toka ido cikin ido, ya ce, "Ba kowa. Ta tafi shan ruwa."

Ya shiga ƙarƙashin gidan ya ce, "Ƙoƙi, kin ga nan? Rami ne, na toshe da sakaina, na shafe da laka. Kin ga zaren nan? Da ta yi ƙwai, na ja, ke kuma ki tara ƙwarya."

Ƙoƙi ta ce, "Ƙwai biyu, ɗaya naka ɗaya nawa."

"Ma ga yadda ta yiwu. Tashi mu nemo itace."

Toka ta ji komai. Amma ko gashinta ɗaya bai motsa ba. Duk zaman da ta taɓa yi, ba wanda ya kai wannan wuya. Sai da suka ɓace, ta sauka yashi, ta zaɓi tsakuwa ja-ja mai ɗigo-ɗigo, ta kai gidan laka, ta tsige gashin ƙirjinta ta kewaye ta da shi. Sannan ta tashi.

Ashe bin Gizo ya kai ta nesa da maɗaci ba ta sani ba. Ta yi ta tafiya, ƙwai suna janta ƙasa, tana jan su sama. Kogi a ƙarƙashinta kamar farin zane da aka shanya aka manta. Rana ta yi ja, ta yi ruwan goro, ta fara nutsewa. Can ta ɗaga ido ta ga Wata ya leƙo siriri, yana kallon tokarsa tana tangaɗi a iska. Ta ce a ranta, in Baba ya warware tsohuwar sheƙar ya ƙara wa sabuwa, sai dai in zube su a yashi.

Ta faɗa kan reshen maɗaci tana haki. "Salamu alaikum, Baba."

Hankaka yana gyaran gashinsa, ya ce, "Wa ke sallama?"

"Ni ce, Toka."

"Toka? Wadda na sani tana sabon gida."

"Baba, ni ce. Ɗaki nake roƙo."

"Ɗaki? Ai ba ni da ɗaki sai kwance."

"Shi nake so."

"Mai baƙin tsinke?"

"Shi."

"Mai tsumma a gefe?"

Toka ta sunkuyar da kai ta ce, "Shi, Baba. Na faɗi maganar da ta fi bakina. Ka yafe mini."

Hankaka ya matsa gefe. Ga sheƙa tana nan yadda take, ko tsinke ɗaya bai zare ba. Ya ce, "Tsumman nan da kike gani, uwarki ce ta kawo shi, shekarar da aka yi sanyi kina 'yar tsako. Duk shekara sai in ɗauko shi in sa miki a ɗakin da zan bar miki. Shiga."

Toka ta ce, "Ban zo da tsakuwa ba."

"Wace tsakuwa kuma? Ɗakin nan ya riƙe 'ya'yana biyar, kowanne da ƙaton kai. An gwada miki shi tun bara."

Ta shiga ta kwanta. Tsofaffin tsinkaye suka karɓe ta, kowanne ya san inda zai lanƙwasa. Kafin jan sama ya gushe, ƙwai biyu suna kwance a ƙarƙashinta, da ɗuminsu.

Shi kuwa Gizo, magariba na yi ya lallaɓa ya leƙa, ya ga abu ja-ja cikin gashi. Ya ja zare, abu ya faɗa ƙwarya ƙwal.

Ƙoƙi ta ce, "Malam, wannan ƙarar ba ta ƙwai ba ce."

"Ke kin taɓa jin ƙarar ƙwan Wata? Kuma ɗaya ne, kin gani. Ke kya sha romo."

Aka dafa, Gizo ya latsa, bai dahu ba. Aka ƙara itace, ya latsa, bai dahu ba. Aka ƙone har turken akuya, bai dahu ba. Gizo ya ji tsoro kar Ƙoƙi ta riga shi, ya cafe ya jefa baki, ya gartsa da dukkan ƙarfinsa. Ƙarararas! Haƙora suka zube kamar an ɓarar da gero. Shi ya sa har yau Gizo ba ya tauna, sai tsotso. Ƙoƙi da ta sha ruwan zafi, nata suna nan.

Ƙwan Toka suka ƙyanƙyashe. 'Ya'yan ba su yi gaggawar barin iyayensu ba, sai da shekara ta kusa zagayowa suna biye da su, suna koyon farauta, suna koyon zaman shiru. Wata safiya kuwa Baba Hankaka ya tarar da gashin fiffike a ƙofarsa, ba ɗaya ba, biyu.

Wutar murhu ta zama garwashi. Iya ta ce, "To kun ji. Kada wani ya sa ku ji kunyar gidan da ya raine ku don ya tsufa. Mai zuga ka ka raina naka, duba hannunsa, da ƙwarya a ciki. In kuma ka tafi ka dawo, kar ka tsaya a reshe kana haki. Yi sallama ka shiga."

Ɗanliti ya ce, "Iya, da Hankaka ya warware sheƙar fa?"

"Bai warware ba. Tsofaffi ba sa warwarewa, sharewa suke yi kullum suna jira." Ta miƙa wa Lantana fitila. "Haska wa kawunku hanya, na ga ya ɗauki jakarsa. Ɗakin kudu, a share yake."

Ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ƙungurus kan kusu, ya faɗa toka ya fito fari."