Faifan Bikin Zulaiha

Akwai wani saurayi a unguwar Abakpa, Sharhabil, mai ɗaukar bidiyon biki. Ya iya aiki, wannan ba musu. Amma girman kai, wayyo Allah! Ka yi masa gyara, sai ya kalle ka kamar ka zagi mahaifinsa.

Shi ya ɗauki bikin Zulaiha, jikar Hajiya Kaltume ta unguwar Doka. Hajiya ta daɗe a kwance, ƙafa ta ƙi, ɗaki ɗaya ya zama duniyarta. Ita ta reni Zulaiha tun tana goye, amma aka kai amarya can garin Katabu, Hajiya tana ji ba ta gani ba. Idonta kuma ya yi rauni, hoton waya ba ya yi mata.

Shi ya sa 'yarta Asma'u ta ja wa Sharhabil kunne: “Don Allah faifai za ka yi mana, wanda DVD ɗin Hajiya zai karanta. A talabijin kaɗai take gani.”

Ya ce, “Anti, aikina ne fa.”

Kuma ya san aikin sarai. In an gama haɗa bidiyo, sai an juya shi zuwa tsarin DVD, a zaɓi irin wanda talabijin ɗinmu na nan ke karɓa, a buga a faifai a hankali, sannan a gwada a na'urar gida. Gogan naku ya ga ɓata lokaci ne. Ya kwafe bidiyon yadda yake ya zuba a faifai, ya ga ya buɗe a kwamfutarsa, ya ce shi ke nan.

Ranar da ya kawo, ɗakin Hajiya ya cika da mata. An tayar da ita zaune, an jingina ta da matashi, har sabon mayafi ta yafa kamar mai zuwa bikin.

Aka sa faifai. Ya yi ta juyi, ƙirr, ƙirr, talabijin shuɗi fes. Aka cire, aka goge da gefen zane, aka mayar. Shiru. Gumi ya karyo wa Sharhabil. Mata sun tare ƙofa, ido duk a kansa, ba hanyar fita. Maimakon ya ce laifinsa ne, sai ya ce, “Na'urarku ce ta tsufa. Wa yake amfani da wannan yanzu?”

Hajiya ta ce, “Ba komai, ɗan nan. Ka je ka gyaro, ina nan. Ina zan je?”

Wallahi wannan magana ko dutse ta ishe shi. Amma Sharhabil ya fita ya shiga wasu bukukuwan. Asma'u ta kira, ya ce gobe. Ta sake kira, ya ce ba wuta. Daga baya ma in ya ga lambarta sai ya kife wayar. Ya daina bi ta Doka gaba ɗaya, don kunya ta hana shi zuwa, girman kai ya hana shi gyarawa.

Wata Juma'a dai abin ya dame shi, ya zauna ya yi yadda ya kamata. Ya ari na'urar maƙwabci ya gwada, hoto tangaran. Aikin da bai wuce tsakanin Azahar da La'asar ba!

Ya hau babur da murna. Yana shan kwanar layin ya ga rumfa da tabarmi, maza zazzaune. An kai Hajiya makwancinta tun da safe.

Asma'u ta karɓi faifan. Ta ce ya biyo ta, ta sa a na'urar nan da ya raina. Nan take ya kama. Sai ga Zulaiha a talabijin cikin lulluɓi tana dariya, tana yi wa kakarta tsiya: “Tsohuwa, kin ƙi zuwa ko? To ga ɗakina, ki kalla da kyau!”

Gadon Hajiya na gefe, an naɗe katifar. Sharhabil ya durƙushe a wurin yana kuka.

Darasi: In an ba ka amanar aiki, ka yi shi daidai da abin da mai shi yake da shi a gida, ka gwada kafin ka miƙa. In ka yi kuskure, ka amsa ka gyara yau, don mai jiranka ba lallai ya kai gobe ba. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka sani. Allah Ya jiƙan iyayenmu.