'Yar Alamar da Mansur Ya Raina

Akwai wani matashi a Bodinga mai suna Mansur, gwanin kwamfuta ne na gaske. Matsalarsa ɗaya: idan ya ce ya gama aiki, to ya gama, ko da kuwa rabi ya yi.

Wata ƙungiyar masu ba da jini kyauta ta Bodinga da Shagari ta ba shi aikin haɗa mata manhaja. Manufar ita ce, idan mara lafiya ya buƙaci jini, a danna kawai a ga wanda za a kira.

Irin wannan manhaja tana da abin da ake kira ƙamus ɗin bayanai. A nan ake faɗa wa kwamfuta abin da kowane gurbi zai karɓa: wannan lamba, wannan kwanan wata, wannan haruffa. Abin da ka faɗa mata shi za ta bi, ba ta da hankalin kanta.

Da Mansur ya zo gurbin rukunin jini, don sauri sai ya ba shi nau'in haruffa zalla, irin wanda ya ba gurbin suna. Sai manhajar ta riƙa ajiye A, B da O, tana watsar da alamar ƙari ko ragi da ke biye da su.

Nana Hauwa, mai gwajin jinin ƙungiyar, ita ta lura.

Ta ce, "Malam Mansur, alamar ga da ka bari ita ta raba jini da jini. Mai O da ragi ba shi karɓar na kowa sai irin nashi. Ka gyara kahin mu ci gaba."

Ya yi dariya. "Malama, gobe za a ƙaddamar, manya na tahe. Don ɗan karan layi guda in warware aiki? Bari sai bayan biki."

An yi biki, an tafa masa, an ɗauki hotuna. Bayan biki kuma gogan naku bai waiwaya ba. Har takardun gwajin ya sa aka kawar, wai zamanin takarda ya wuce.

Da damina ta kama, matarsa Bilkisu ta fara naƙudar fari. Wata safiya jini ya ɓalle mata, aka garzaya da ita asibiti. Likita ya ce sai an yi aiki, amma ba zai taɓa ta ba sai da jini a ajiye. Rukuninta O ne mai ragi, kuma babu shi a asibitin.

Mansur ya buɗe manhajarsa. Sunaye suka zubo, ɗaruruwa, kowanne O. Wane ne mai ragi? Babu yadda za a yi a sani.

Ya shiga kira. Wani yana gona a Dingyadi, wani ya kashe waya, wanda ya ɗauka kuma sai ya ce, "Wallahi O dai anka ce min." Aka riƙa kwaso mutane a kan babura, Nana Hauwa na gwada su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta gwada sai ta girgiza kai.

Daga ɗakin yana jin nishin Bilkisu yana raguwa. Ya durƙusa a baranda yana kuka kamar yaro, ba ya ko jin kunyar mutane.

"Malama, don Allah ki tuna ko mutum guda!"

Ta ce, "Malam Mansur, mutane nawa na gwada? Shi ya sa munka ce a sa cikin na'ura."

Sai bayan la'asar aka dace. Wani manomin albasa ne, Na'Allah, wanda gidansa ke bayan katangar asibitin. Taron babura ya gani ya leƙo ya ji ko lafiya. Da aka gwada shi, sai ga O mai ragi.

Aka ɗibi jininsa, aka shiga da Bilkisu. Allah ya tsallakar da ita. Jaririn kuwa, namiji, bai zo da rai ba. Likita ya ce an makara.

Mansur ya riƙe hannun Na'Allah yana godiya da muryar da ta dishe. Shi kuwa bawan Allah, bai san komai ba, sai ya ce:

"Ba komi, Malam. Ai tun bara na ba da sunana ga na'urarku. Tun sahe ina gida, waya na aljihuna. Mi ya hana ku kira ni?"



Darasi: Rai a hannun Allah yake, amma sakaci namu ne. Kada ka raina ƙaramin gyara a aikin da aka ba ka amana, kuma kada girman kai ya hana ka sauraron wanda ya nuna maka kuskure. Ba ka san wa aikinka zai faɗa wa ba, wataƙila na cikin gidanka ne. Ku tura wa duk wanda ya saba cewa "sai bayan biki".