Dokar Burtali da Geron Sarki

An ruwaito daga littattafan mutanen da, waɗanda gara ta ci gefensu ta bar mana tsakiya, cewa an yi wani sarki a Birnin Kurmasa ana ce masa Mainasara. A garin nan ba abin da ke zama doka sai dattawan majalisa sun tattauna shi sun amince. Ranar da ruwan fari ya sauka kuwa, majalisa ta tashi ke nan, kowa ya nufi gona. Maganar da ba a gama ba ta mutu, sai bayan kaka a faro ta daga tushe.

Wata shekara wani falke mai suna Jatau ya iso da garken shanu zai kai kudu, ya tarar gonaki sun cinye burtali, wato hanyar shanu. Tsohuwar doka kuwa ta ce saniyar da ta taka shuka ta zama ta mai gona. Jatau ya faɗi gaban sarki, ya roƙi a shata sabon burtali kafin shuka, in ba haka ba garken da ya tara tun yana saurayi zai ƙare a hannun manoma.

Sarki ya aika wa majalisa da maganar. Amma shi mutum ne mai son a ce a zamaninsa dokoki suka yawaita. Kullum safiya sai ya ƙara musu wata: tsawon rawanin fadawa, wane tambari za a buga wa wane hakimi, wa zai zauna kusa da wa. Ya kuma rantse in ruwa ya sauka da sauran magana a gabansu, kowa ya ajiye rawaninsa.

Waziri Zangina ya dubi tulin aikin, ya dubi sama, ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki, dokar burtali ba za ta fita a kan kari ba."

Sarki ya tambaye shi ko ya fara duba ne. Waziri ya ce a'a, labari dai ya tuna. An yi wata mace, Tabawa, mai murhu ɗaya, ta ɗora ganda ranar suna. Mijinta ya riƙa shigowa da shinkafa, da kabewa, da zogale, kowace shigowa yana cewa baƙi na hanya. Ita kuwa sai ta sauke tukunyar ganda ta ɗora mai saurin nuna, don a shigo a tarar da abin nunawa. Baƙi suka zo, akusa sun cika, ganda na nan kamar takalmi.

"Ba ƙiwuya ta yi ba, ranka ya daɗe," in ji Waziri. "Wanda aka cika wa murhu aka kuma tsaya a kansa, mai sauƙi yake fara dafawa."

Sarki ya yi dariya, ya ce majalisarsa ba madafa ba ce. Washegari ya ƙara musu magana.

Dattawa dai suka yi aikin Tabawa. Maganar rawani zama ɗaya ta ishe ta, ta burtali kuwa sai an ji manoma, an ji makiyaya, an taka ƙasa da ƙafa. Kullum sai su ture ta gobe. Sai da hadari ya haɗo gabas, iska ta fara kaɗa musu riguna, suka yanke ta a tsaitsaye. Aka yi shela, ruwa ya sauka, ba wanda ya rasa rawani. Sarki ya ce wa Waziri, ashe ganda ta nuna. Waziri ya yi gaisuwa.

Abin da dattawa suka manta cikin gaggawa shi ne manomi ba ya jiran majalisa. Tun da rani manoma suka yi binne, suka zuba iri a busasshiyar ƙasa yana jiran ruwa. Kafin a kafa shaidar burtali, gero ya tsiro daga bakin ganuwa har gulbi, a daidai inda doka ta shata. Shukar da ta tsiro kuwa ko sarki ba ya sa a tuge ta.

Jatau ya dawo fada, ya durƙusa ya ce, "Zaki, an ba ni hanya da baki, ƙasa ta hana."

Kunya ta kama sarki. Ƙasa ɗaya ce ta rage wadda yake da iko da shukarta, ita ce gandunsa. Ya sa aka sare shinge, ya tsaya da kansa yana kallo, shanun Jatau suka ratsa ta tsakiyar geron sarki har suka kai gulbi.

Daga nan sarki ya yafa wa Waziri alkyabba, ya ba shi ikon tsayawa a ƙofar majalisa: magana mai nauyi ta fara shiga, saura su jira ta fito. Masu ruwaya suka ce wanda ya cika murhu da tukwane, kada ya zargi mai girki. Suka kuma ce a shekarar nan gidan sarki da geron aro aka yi fura.