Takalmin da Babu Ƙafa a Ciki

Dalilin da ya sa kwikwiyo ke tauna takalmi ba iskanci ba ne, yara. Akwai wani a cikinku, ba zan kama suna ba, da na gani jiya ya bi ɗan kwikwiyo da tsumagiya a kan silifa ɗaya. Zalunci ya yi, kuma ya sani. Ku matso ku ji.

A da, tafin ƙafar kare laushi gare shi kamar na jariri. Akwai wata karya, 'Yar Duna, mai 'ya'ya huɗu. Da rana ta take, ƙasa ta ɗau zafi, sai yaran su yi ta ɗingishi suna kuka, ko rijiya ba sa iya binta. Abin ya dame ta. Ta tafi wurin Jatau baduku, mai ɗinkin takalma a bakin kasuwa.

"Sannu da aiki, Baba Jatau. Takalma nake so wa yarana."

"Ƙafa nawa?"

"Sha shida."

"Ke haihuwa kika yi ko runduna kika tara? To, ki tsare min fatun da nake shanyawa daga ungulu har Sallah, in ɗinka miki."

'Yar Duna ta yi gadi wata biyu cur, ko gashin fata ungulu ba ta taɓa ba. Ana gobe Sallah ta zo da yaranta a jere. Ashe Jatau ya sayar da komai, rumfa fayau.

"Baba Jatau, alkawari fa?"

Jatau mutum ne mai saurin baki, ga mutane na kallo. Ya daka mata tsawa: "Kin ishe ni. Ku je, duk takalmin da kuka gani babu ƙafa a ciki naku ne." A ransa ya yi dabara, tunda rumfar ba ko wari ɗaya.

'Yar Duna ta dubi jama'a. "Kun dai ji da kunnenku?" Suka ce sun ji.

Abin da Jatau ya manta shi ne, a ƙasar nan ba mai shiga ɗakin mutane da takalmi. Washegari ya sha babbar riga, ya zuba sabon takalmi ja da ya ɓoye wa kansa, ya tafi gaida surukarsa, Iya Tabawa. Ya tuɓe a bakin ƙofa, ya shiga ya durƙusa. 'Yar Duna da yaranta na biye da shi. Ta leƙa takalmin, ta shinshina. Babu ƙafa.

"Bismillah, yara."

Autan ya zura ƙafa, ya faɗa ciki gaba ɗaya har wutsiya. Babban ya ce, "Inna, ya yi mana yawa."

"To ku rage shi mana. Haƙoran na ado ne?"

Suka duƙufa. Kafin Jatau ya gama "ina gajiya, ina yara", takalmi ya koma tsumma. Ya fito ya rarumi muciya. Iya Tabawa ta leƙo.

"Malam, ajiye min muciyata. Ni ma ina kasuwa jiya. Da bakinka ka ba su."

"Iya, wasa nake yi."

"Su ba su ji wasa ba. Ka doke su yau, gobe su rage na liman."

Ta shiga ta ɗauko wani tsohon guntun fata ta jefa musu. "Ungo, ku fara koyon yanka a kan wannan." Yaran suka bar takalmi suka koma kansa, har la'asar ba wanda ya ji motsinsu. Ta kwashe sauran takalman gidan ta ɗora kan katanga. Jatau kuwa ya koma gida ba takalmi, yana tsalle a kan rairayi mai zafi, 'Yar Duna na rakiyarsa tana tambaya, "Baba Jatau, da zafi ko?"

Takalmi bai taɓa yi wa yaran daidai ba. Yawo a ƙasa ya sa tafinsu ya yi kauri, da suka girma suka haƙura. Amma kowace karya sai ta gaya wa 'ya'yanta maganar Jatau.

Shi ya sa har yau babban kare ba ruwansa da takalminka, kwikwiyo kuwa na gani sai ya hau ragewa. Duka ba ya hana shi, don a ganinsa kayansa ne. Ka ɗaga takalminka sama, ka ba shi ƙashi ko guntun fata ya yi aiki. Wanda ya ce ƙarya nake, ga ƙofa can, ga kwikwiyo kwance. Ya tuɓe na Sallarsa ya shiga gaida Iya.