Rigar Direba a Buhun Tsumma

Akwai wata dattijuwa mai wanki da guga, duk unguwa Inna Mai Wanki ake ce mata. Shekara talatin tana wanke wa mutane kaya, ba ta taɓa kai rigar wani gidan wani ba. Ba ta yi boko ba, zare da allura ne alƙalaminta. Kowane gida da alamarsa a cikin wuyan riga: wannan jan zare ɗinki biyu, wancan baƙi da ƙulli. Gidan maƙwabcinta, direban motar asibiti, kore ne, ɗinki uku a jere.

Sai sojojin wata ƙasa suka shigo, wai sun kawo zaman lafiya. A kan tankokin yaƙi suka ɗoro shi. Suka kori ɗaliban makarantar bakin gari suka mai da ita bariki, suka kafa shinge a kowace mararraba. Kasuwa ta mutu, kowa ya koma wanke kayansa da kansa. Inna kuwa ga miji kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Da aka ce bariki na neman mai wanki, ta ɗaura ɗankwali ta je.

"Inna, yanzu ke ce mai wanke musu safa?" in ji matar direba.

"Safa ba ta harbi kowa ba, 'yar nan. Matsa in wuce."

Wata Talata da hantsi aka tare direban a shinge, ya ɗauko wani mai rauni. A gaban jama'a aka fizgo shi aka jefa a mota. Matarsa ta ja tsohon cikinta har ƙofar bariki. Tafintansu, ɗan gari ne da ya koyi yarensu, ya fito yana duban ƙasa.

"Kyaftin ya ce ba sa tsare da kowa. Wai ki bincika, ƙila wata ya bi."

Haka aka faɗa wa sauran matan da aka kwashe wa maza. Kuma kowa ya sani, mutumin da aka ce babu shi, ana iya yi masa komai, ba mai tambaya.

Ɗakin wankin Inna tsohon kicin ɗin makarantar ne: baho uku, famfo mai ɗiga, teburin guga da ta tokare wa ƙafa da bulo. Ban da kaki, akan kawo mata buhun tsumman da suke goge ƙasa da motoci. Rannan ta zazzage buhun, sai ga wata shuɗiyar riga, hannu ɗaya a yage, jini ya bushe a bayanta. Hannunta ya riga tunaninta, ya juya wuyan.

Koren zare. Ɗinki uku.

Mai gadin ƙofa yana zazzage jakarta kullum, amma bai taɓa damuwa da jikin tsohuwa ba. Sai ta cire rigarta, ta sa ta direba daga ciki, ta mayar da tata a kai.

Da matar direba ta ga rigar, ta ƙwalla ƙara ta nufi ƙofa. Inna ta damƙe ta.

"Ina za ki? Riga ɗaya tsumma ce. Su karɓe, su ƙone, ke ma su haɗa da ke. Zauna."

"Inna, kashe shi za su yi!"

"Na sani. Ni ma ba barci nake ba. Ki bar ni in yi abin da na iya."

Cikin kwana goma sha biyu ta fito da riguna bakwai, kowace da alamarta. Wani lokacin biyu take haɗawa, ga zafi, ga wari. Mai gadi ya kumbura kumatu yana nuna ta yana dariya.

"Inna, ya ce abincin bariki ya karɓe ki," in ji tafinta.

"Sosai, ɗan nan. Kai kam ya karɓe ka har ya rufe maka ido."

Tafinta bai fassara wannan ba.

Rannan aka kawo mata fararen zannuwan tebur da tutoci da kakin kyaftin mai igiyoyi, aka ce a sa sitaci. Mai guga ba ta bukatar a gaya mata manyan baƙi na tafe. Ta bi gida bakwai da ƙafarta, ta ce wa kowace mace, "Gobe ki zo ƙofar bariki da wata rigar mijinki, wadda na taɓa wankewa."

Da safe motocin baƙi suka iso da 'yan jarida. Suka tarar da igiyar shanya tsakanin bishiyu biyu, daidai ƙofar bariki. Riguna bakwai, kowace da mace a ƙarƙashinta.

Kyaftin ya fito cikin kakin da Inna ta goge, yana murmushi. Ya yi magana, tafinta ya ce, "Wai tsumma ne, ana samunsa a kowace bola."

Inna ta matso. "Gaya masa daga buhunsa na ciro. Gaya wa baƙin su zo su duba wuya."

Tafinta ya dubi matar direba. Sai ya ɗaga murya ya fassara, bai rage ko kalma ba.

Aka jera rigunan gida kusa da na igiya. Ja da ja, baƙi da baƙi, kore da kore, hannu ɗaya ne ya ɗinka. Masu hoto suka yi caa. Murmushin kyaftin ya bushe.

Ba zan yi muku ƙarya ba, Inna ta ji jiki. Bayan baƙi sun tafi, kwana biyu aka rufe ta, aka kore ta daga aiki, yatsunta biyu ba su ƙara miƙewa ba. Amma hoton ya riga ya zaga duniya, ba damar a sake cewa babu kowa. Cikin mako aka saki biyar. Biyu har yau ba a faɗi inda suke ba, kuma matansu ba su daina tambaya ba.

Direba yana cikin biyar ɗin. Ya rame, yana ɗingishi, ya zo ya durƙusa a gabanta. Matarsa na bayansa da jaririya a kafaɗa.

Inna ta miƙa masa shuɗiyar rigar yadda ta tsince ta.

"Tashi, ɗan nan, ba na son kuka. Ungo. Shekara talatin ban taɓa mayar wa mutum kaya da datti ba, sai yau. Kada kowa ya wanke ta. In 'yarka ta girma aka ce mata alheri suka zo yi mana, ka nuna mata."

Darasi: Wanda ya shigo ƙasarku da bindiga yana cewa taimako ya kawo, ku dubi abin da yake yi a bayan katanga, ba abin da yake faɗa a gaban baƙi ba. Kuma kada ka ce kai ba kowa ba ne. Zalunci yana rayuwa ne da shirun masu gani, tsohuwa da allura ma ta isa ta tona shi. In labarin nan ya taɓa ka, tura wa wani ya karanta.