Bushiyar da Aka Bar wa Tashin Gaiwa

Ku matso kusa, muryata ba ta kaiwa nesa yanzu. Ga ta nan, ga ta nanku.

"Ta zo mu ji ta."

Wata Bushiya ce ke zaune a bakin wani tafki. Mijinta ya rasu bayan girbi. Shi ne mai duba mata gari. In ya ce damina ta zo, ta gyara rami. In ya ce rani ne, ta yi shanya. Ba ta taɓa tambayarsa yadda yake ganewa ba, don ta ɗauka kullum yana nan.

Ƙawarta ɗaya ce, Gaiwa. Gaiwa kifi ce, amma in tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta yi barci har ruwa ya dawo. In ta fito babu ruwa, ajalinta ke nan. A wancan zamanin tana da hannuwa da ƙafafu masu kauri, irin na kwaɗo.

Sai tafki ya fara ƙafewa. Gaiwa ta ce, "Ƙawa, tsufa ya toshe mini kunne. Da can cida ke tashina, yanzu ba na jin ta. In damina ta zo, ki sa baki a ƙofata ki kira ni."

Bushiya ta ce, "Yaya ake gane ta?"

"Haba, ke kuwa! In kin ga kore, ai ita ce."

Sai Gaiwa ta nutse. Laka ta bushe a kanta.

Ana nan, itatuwa suka kaɗe ganye, ciyawa ta zama kara. Ran nan Bushiya ta ɗaga kai, sai ta ga Gawo ya yi kore shar. Ta ce, "Baba Gawo, sannu da hutawa. Ganye ne wannan?"

Gawo ya ce, "Da me ya yi kama, baiwar Allah?"

"Sabo?"

"Sabo fil."

Sai ta sheƙa da gudu. Ta sa baki a ƙofa. "Ƙawa, tashi! Kore ya zo!"

Gaiwa ta farka, ta faɗaɗa ƙofa, ta miƙo hannuwa tana laluben ruwa. Sai rana ta kama su. Ta ja su ciki, sun yanƙwane. Ta ce, "Wa ya faɗa miki?"

"Gawo."

"Wayyo! Gawo da ruwa ba sa ga maciji. Da rani yake ganye. Ki duba ƙasa, ki bar duban sama."

Bushiya ta koma tana maimaitawa: ƙasa, ba sama ba.

Aka kwana biyu, sai mafarauta suka sa wa daji wuta. Wuta ta wuce ta bar toka. Bayan 'yan kwanaki sai ga toho ya huda toka, kore, laushi. Bushiya ta tarar da Zomo yana ci.

Ta ce, "Ɗan nan, daga ƙasa wannan ya fito?"

Zomo ya ce, "A'a, Inna, daga kunnena."

"Kar ka yi mini wasa. Damina ce?"

"Ni dai na ga toho, na ci. Cikina bai tambayi sunan wata ba."

Bushiya ta duba. Kore ne. A ƙasa yake. Sai ta sheƙa da gudu. "Ƙawa, tashi! Wannan karon na ƙasa ne!"

Gaiwa ta ce hannuwa sun riga sun tafi, bari ta gwada da ƙafa. Ta juya, ta ƙara faɗaɗa ƙofa, ta miƙo ƙafafu. Sai rana ta kama su. Ta ja su ciki, sun yanƙwane. Ta ce, "An yi gobara?"

"An yi."

Gaiwa ta ce, "Ƙofata ta yi faɗi, iska na shigowa. Yauƙina na bushewa. In kin ƙara kira ɗaya na banza, na mutu, ƙawa."

Bushiya ta rantse ba za ta sake buɗe baki ba sai ta tabbata. Ta tashi neman wanda ya sani.

Zafi ya tsananta. Ta gamu da Tururuwa na kwashe ƙwai zuwa tudu. Ta ce, "Me kuka gani?"

Suka ce, "Ba mu ga komai ba. Ta gaba muke bi."

Ta je wurin ta gaba. Ta gaba ta ce, "Ƙasa ce ta canza wari. Ba ki ji ba?" Bushiya ta shinshina. Warin tururuwa kawai ta ji.

Ta gamu da Kwaɗo a bakin rami. Ya ce shi Shamuwa yake jira. Ta ga Shamuwa ta sauka kan tsamiya. Shamuwa ta ce ita fara take bi, a tambayi fara. Fara ta ce ciyawa take bi. Bushiya ta dubi ciyawa, ta wuce.

Ta ɗaga kai, sai ta ga Tsamiya ta yi sabon ganye, ba a yi ko yayyafi ba. Ta waiwaya, Gawo na zubar da nasa. Ta ce, "Baba Gawo, mutuwa kake?"

Ya ce, "Tuɓewa nake. Lokacina ne."

"Lokacin me?"

"Nawa."

Kan Bushiya ya ɗaure. Kore a sama ƙarya, kore a ƙasa ƙarya. Mai ganye na tuɓewa, marar ganye na sawa. Ta tuna mijinta, ta yi kuka kaɗan, ta koma tsakiyar tafki.

Gaiwa ta ce da ƙyar, "Ƙawa, me ake ciki?"

Bushiya ta ce, "Ban sani ba. Kowa na yin abu, kowa na duban wani."

"Rana na cina."

Sai Bushiya ta hau kan ƙofar, ta dunƙule, ta bar ɗan gefe don numfashi. Rana ta dake ta, ba ta motsa ba. Gari ya yi duhu, iska ta taso, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce ai sama ce, an hana ta duba.

Can sai ta ce, "Ƙawa, wani abu na jiƙa mini baya. Amma ban ce komai ba."

"Sanyi ne da shi?"

"Da sanyi. Ga shi yana bin ƙafata. Amma ba kore ba ne, kuma ban kira ki ba."

Gaiwa ta ce, "Matsa gefe, ƙawa. Bari shi ya faɗa mini da kansa."

Sai Bushiya ta matsa. Ruwa ya gangara cikin ƙofa, laka ta yi laushi, yauƙi ya saki. Gaiwa ta fito da rai. Amma hannuwa da ƙafafu ba su dawo ba, sun zama kamar zare, haka kuma suke har yau. Tun daga nan gaiwa ba ta sake sa kowa ya tashe ta ba. Sai ruwa ya taɓa fatarta.

Ita kuwa Bushiya ta yi iyo zuwa gaɓa, ta zauna cikin ruwan sama, tana jira wani ya wuce ta tambaye shi ko damina ce.

Ƙurunƙus kan kusu. Kowane mai rai da abin da ke tashinsa, ganyen wani ba daminarka ba ne. Kuma abin da tsoho ya sani, ku tambaye shi tun yana zaune a tabarma. Ku tashi ku kwanta.