Ruwan Famfo a Sirinji

An yi wani mutum, ma'aikacin jinya a ɗakin da ake kwantar da waɗanda aka fito da su daga tiyata. Kyakkyawa ne, mai taushin murya, ga sanyin hannu wajen allura. Tsofaffi har rigima suke yi, kowa shi yake so.

Ciwon baya ne ya fara jansa. Wata rana ya zuƙi allurar kashe zafi mai ƙarfi da likita ya rubuta wa wani dattijo, ya shige banɗaki, ya soka wa kansa. Sai ya cika sirinjin da ruwan famfo, ya dawo ya ɗura wa dattijon a jijiya. Ciwon bayan ya warke, amma hannun bai daina ba.

Ya 'yan uwa, bai san jininsa na ɗauke da ciwon hanta ba. Duk sirinjin da ya shiga jijiyarsa, da cutar yake fitowa.

Majinyata suna nishi, sai a ce raki ne. "Baba, yanzu fa na yi maka allura, ka daure mana." Da bakinsa yake faɗa, yana gyara musu bargo.

Can sai waɗanda aka sallama suka fara dawowa, idanu sun yi rawaya. Zargi ya cika asibitin. Aka zargi masu ba da jini. Aka kori matar da ke wanke kayan tiyata, ta fita tana rantsuwa da hawaye. Wata da aka ciro wa jariri, mijinta ya tsare ta a baranda: "Ni an gwada ni, ba ni da shi. Ke a ina kika samo?" Ma'aikacin jinyar yana tsaye yana ji, ya wuce da farantin allura.

Daga nan zuciyarsa ta daina zama. Nas biyu sun yi raɗa, ya ce da shi suke. Mai gadi ya daɗe yana gaishe shi, ya ce bincike ne. Wa zai amince da mutane alhali ya san abin da hannu ɗaya ke iya yi a ɓoye?

Rannan babur ya kwashe shi, cinya ta karye. Aka yi masa aiki, aka kwantar da shi a ɗakin nan nasa. Wata abokiyar aikinsa ta zo da faranti tana dariya.

"Oga, yau kai ne a hannunmu. Miƙo hannun, za mu rama."

Ya kalli sirinjin. Maganin garau yake, ruwa ma garau yake. Me ya sa ta daɗe? Me ya jiƙa mata yatsu?

"Koma ki ɗauko wata kwalbar, ki fasa a gabana."

"Haba Oga, ni ce fa."

"Ta banɗaki kika biyo. Ruwan famfo ne wannan, kuma an yi amfani da sirinjin."

Shugabar ma'aikatan jinya tana duba gadon kusa. Ta juyo a hankali.

"Banɗaki? Ruwan famfo? Mun zargi jini, mun zargi wuƙaƙe. Wannan dabarar ban taɓa jin ta a bakin kowa ba. Kai a ina ka san ta?"



Aka ɗebi jininsa, aka kwatanta da na majinyatan, cutar iri ɗaya. Aka ƙwace lasisinsa yana kwance, ɗan sanda a bakin ƙofa. Matarsa ta kai yara gwaji, ba ta dawo ba. Zafi yana cinsa, ga magani na gaskiya a kan faranti, amma ya ƙi miƙa hannu.

Ya 'yan uwa, majinyaci ba ya ganin abin da ke cikin sirinji, amma Allah yana gani. Wanda ya saci maganin mara lafiya ya saci barcinsa, da jininsa, wani lokaci har da aurensa. Maciyin amana kuwa, abin da ake fara zare masa shi ne yarda da kowa.

Allah ya kiyaye mu, ya tsarkake hannayen da muke miƙa wa jijiyoyinmu. Amin.